Darasi na 9: Ƙarfen Kujera da Lafiyar Iyali a Wurin Lilo

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin ɗaure mutum a kujerar lilo, da yadda ƙarfen yake kullewa;
2. gane wanda ya dace ya hau da wanda bai dace ba;
3. bambance tsayawar da take kariya da lalacewar da take haɗari;
4. sanin abin yi idan lilo ya tsaya da mutane a sama, ko wani ya faɗo.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa bin titin Gidan Zoo a Kano washegarin Sallah ya san irin cikar da ake yi. Motoci daga Kumbotso da Panshekara da Kura da Bunkure suna ta sauke yara cikin sababbin kaya, kowa da kuɗin barka da Sallarsa a aljihu. An kafa gidan ne a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda kuma a zamaninsa aka gina madatsar ruwan Tiga da muke noman rani da ita. Daga wancan lokaci zuwa yau wuraren wasan yara sun ƙaru a cikin birni, kuma yaranmu da ke zuwa Abuja ko Legas ko Saudiyya suna haɗuwa da waɗanda suka fi na gida girma da gudu.

Lilon da muka taso da shi igiya ce a reshen mangwaro. Mai hawa shi ke tura kansa, in ya gaji ya sa ƙafa a ƙasa. Lilon zamani kuwa inji ne, da zarar ya tashi ba ka da sauran iko har sai ya tsaya. Akwai mai juyawa da kujeru rataye da sarƙa, akwai babbar taya mai kwanduna, akwai kwale-kwale mai kai gaba da baya, akwai hasumiyar da ake ɗaga mutane a sake su, sannan akwai jirgin hawa-da-gangara mai bin layin dogo. Wannan na ƙarshe shi za mu fi yin misali da shi, domin duk abin da ake tsoro a sauran yana tattare a cikinsa.

1. Me ke fizgar mutum daga kujera?

Jikin da ke tafiya so yake ya ci gaba da tafiya a miƙe. Shi ya sa idan direba ya taka birki kwatsam a hanyar Zariya fasinja ke dungurewa gaba, idan an sha kwana ya karkata gefe, idan an hau tudun kwalta da gudu ya ɗaga daga mazauninsa. Lilon zamani an ƙera shi ne don ya yi waɗannan abubuwa uku da gangan, a jere a jere.

Yawancin jiragen hawa-da-gangara ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai gangara ta ƙarasa aikin. Tsawon tudun shi ke ƙayyade gudun.

*Misali na 1.* Jirgin da ya gangaro daga tsawon mita 5 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Daga mita 20, kusan kilomita 71. Daga mita 45, kusan kilomita 107. Ku lura: tsawo ya ninka sau huɗu, daga 5 zuwa 20, gudu kuma ya ninka sau biyu.

A gindin gangara jiki yana dannuwa cikin kujera, har mutum ya ji nauyinsa ya ninka sau uku ko fiye. A kan ƙololuwa kuma sai akasin haka, jiki ya nemi tashi sama ya bar kujerar. A wannan ɗan lokaci babu abin da ke riƙe da shi sai ƙarfen da aka sauke masa.

*Misali na 2.* Wata uwa daga Kura ta ce za ta hau da ɗanta a cinya, ai za ta riƙe shi gam. Nauyin yaron kilo 12. A gindin gangara, inda nauyi ke ninka sau uku, 12 × 3 = kilo 36. Wannan nauyi cikin ƙiftawar ido yake zuwa, kafin ta ankara kuma fizgar ta juya zuwa sama ko gefe. Hannu ba ya iya wannan aiki, zanen goyo ma haka. Ba a hawa da yaro a cinya ko a baya.

A lilo mai juyawa kuma, idan an ninka gudun sau biyu, ƙarfin da ke tura kujeru waje yana ninka sau huɗu. Yara za su yi ta ihu a ƙara wuta. Mai kula da lilon da ya san aikinsa ba ya ƙarawa.

> AKWATIN KALMOMI
> Jirgin hawa-da-gangara: ƙananan taragai masu kujeru da ke bin layin dogo mai tudu da gangara da kwana.
> Fizga: ƙarfin da ke neman fitar da jiki daga kujera idan gudu ko alkibla ta canja.

2. Ƙarfen kujera da makullinsa

Abin ɗaurewa iri uku ne. Akwai ƙarfen cinya, wanda ke sauka ya danne cinyoyi kusa da ƙugu. Akwai ƙarfen kafaɗa, wanda ke saukowa ta saman kai ya rufe ƙirji. Akwai kuma bel irin na mota, wanda galibi shi ne mai tsaron baya, idan ƙarfe ya saki ya riƙe.

A cikin kujerar akwai jerin haƙoran ƙarfe da wani ɗan harshe da ke faɗawa tsakaninsu. Harshen yana barin ƙarfe ya sauka, ba ya barinsa ya koma. Ƙarar "ƙas, ƙas" da ake ji lokacin saukewa ita ce harshen yana tsallake haƙori. Wasu sababbin jirage mai ne a cikin bututu yake riƙe ƙarfen, su ba sa ƙara. A lilon da aka ƙera bisa ƙa'ida, makullin a kulle yake zama ko da an ɗauke wuta. Buɗe shi ne ke buƙatar aiki, ba rufe shi ba.

A sababbin jirage da yawa na manyan wurare kowace kujera tana da na'urar da ke shaida wa kwamfuta cewa ƙarfe ya sauka yadda ya kamata, kuma jirgi ba zai tashi ba sai duk kujerun sun shaida. A ƙananan lilo irin waɗanda aka fi gani a nan babu wannan na'ura. Sarƙa ce da ƙugiya, ko sandar ƙarfe da sakata. A nan idon mai kula da lilo da hannun uba ko uwa su ne kaɗai masu shaida. Ka ja ƙarfen sama da ƙarfinka kafin a tashi. In ya ɗaga, ko ƙugiyar ta buɗe baki, ko an ɗaure gurbin sakata da waya ko tsumma, sauke yaronka.

> AKWATIN KALMOMI
> Makulli: haƙoran ƙarfe ko bututun mai da ke hana ƙarfen kujera komawa baya.
> Na'urar shaida: abin da ke sanar da kwamfuta cewa kujera ta kulle.

3. Ba kowane jiki kujera ke ɗauka ba

Wannan shi ne sashen da nake so mu fi tsayawa a kai, domin a nan ne mu iyaye muke da hannu.

Maƙerin kujera ya auna ta ne da jiki mai wani tsawo da wani kauri. Yaron da bai kai ba, ƙarfen zai kulle amma ya bar sarari, sai ya sulale ta ƙasa ko ta gefe. Mai jikin da ya wuce awo kuma, ƙarfen zai tsaya a kan ciki maimakon cinya, kuma ciki yana lotsawa idan fizga ta zo. Duka biyun za a ji ƙarar kullewa, amma mutumin bai ɗauru ba.

Ranar 24 ga Maris 2022, a garin Orlando na jihar Fulorida a Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga hasumiyar lilo mai tsawon kusan mita 130, ya rasu. Littafin maƙerin ya ce kada nauyin mai hawa ya wuce kilo 130, yaron kuwa ya haura haka da fiye da kilo 40. Binciken hukuma ya gano cewa an taɓa na'urar shaida ta wannan kujera da hannu, yadda za ta nuna an kulle alhali sararin da ƙarfen kafaɗa ya bari ya kusa ninka na sauran kujeru. Babu bel a kujerun. Daga baya an kwance hasumiyar gaba ɗaya, jihar kuma ta yi sabuwar doka a 2023. Taɓa na'urar nan da aka yi shi ya kashe yaron.

Shi ya sa ake kafa sandar awo a bakin ƙofa. Tsawo ake dubawa, ba shekaru ba, domin sa'anni biyu na iya bambanta da taƙi guda.

*Misali na 3.* Wani manomi daga Bunkure ya sayar da tumatir, ya kawo 'ya'yansa uku. An rubuta a ƙofa: santimita 120 zuwa sama. Babbar tana da 138, na tsakiya 124, ƙaramin 113. Biyu za su hau. Ƙaramin saura masa 120 − 113 = santimita 7. Ya fara kuka. Uban ya ce wa mai ƙofa, "Haba ɗan'uwa, daga nesa muka zo, ka taimaka." Idan mai ƙofa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zai yiwu ba," to ya taimaka ɗin ke nan. Santimita 7 ɗin nan su ne sararin da yaron zai bi ya fita.

Na san kukan yaro ranar Sallah yana da wuyar jurewa, kuma mun saba a roƙa a ba mu. Amma wannan roƙo yana jefa matashin da ke tsaye a ƙofa tsakanin kunyar dattijo da ran yaro, kuma sau da yawa kunya ce ke rinjaye. Kada mu sa shi a wannan hali. Ajali na hannun Allah, yaron da ka kawo kuwa amana ce a hannunka.

Akwai kuma waɗanda tsawonsu ya kai amma bai kamata su hau mai gudu ba: mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, mai farfaɗiya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan.

Sai batun sutura. Mun san abin da ke faruwa idan gefen hijabi ya shiga tayar babur. Lilo ma yana da sarƙa da taya da sanda mai juyawa. A tattare hijabi da mayafi da hannun babbar riga a cusa su ƙarƙashin ƙarfen kujera, kada a bar komai yana kaɗawa a iska. Hula da waya da silifa a bar wa wanda ke ƙasa. Wayar da ta kuɓuce daga sama tana iya fasa kan wani.

4. Tsayawa ba lalacewa ba ce

Layin babban jirgi an raba shi gida-gida, kuma ƙa'ida ita ce jirgi ɗaya a gida ɗaya. Idan na gaba bai fita ba, kwamfuta tana tsayar da na baya. Birkin da ke kan layin ma a matse yake zama, iska ake turawa ta buɗe shi, don haka in wuta ta ɗauke sai ya kama. A tudun farko kuma akwai haƙoran da ke hana jirgi komawa da baya idan sarƙa ta tsinke. Saboda haka jirgin da ya tsaya cak da mutane a sama, galibi kariyarsa ce ta yi aiki. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da wani ya tilasta masa tafiya bai gano dalilin tsayawar ba.

Ranar 2 ga Yuni 2015, a wurin wasa na Alton Towers a Ingila, wani tarago marar kowa ya maƙale a tsakiyar layi. Kwamfuta ta tsayar da na bayansa mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka ɗauka kwamfutar ce ta rikice, suka ƙetare umarninta suka sake shi. Ya je ya yi karo da wanda ya maƙale. 'Yan mata biyu sun rasa ƙafa ɗai-ɗai, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5.

A watan Satumban 2021, a jihar Kolorado ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 6 ta zauna a kan bel maimakon a zagaya mata shi. Na'ura ta nuna akwai matsala a kujerarta. Masu kula da lilon suka share gargaɗin suka tashi lilon, yarinyar ta faɗa rami mai zurfin fiye da mita 30.

Na uku ya fi kusa da sana'armu. Ranar 25 ga Oktoba 2016, a wurin wasa na Dreamworld a Ostareliya, famfon da ke tura ruwa a wani wasan kwale-kwale ya mutu. Karo na uku ke nan a wannan rana, kuma sau biyun farko tayar da shi kawai aka yi aka ci gaba. Ruwa ya janye, kwale-kwale ɗaya ya maƙale, na bayansa ya hau kansa ya kife, mutum huɗu suka rasu. Kowane mai noman rani a Kadawa ya san cewa injin ban ruwan da ya mutu sau biyu da safe ba zai kai yamma lafiya ba, sai an kwance an duba. Bambancin kawai shi ne can albasa ce za ta sha ƙishi, nan kuwa rayuka ne a kai.

A duka ukun inji ya yi gargaɗi, mutum ne bai saurara ba. To idan kana layi ka ga lilo ya tsaya, an buga shi an tayar, ya sake tsayawa, fita daga layin ko da ka biya. Kuma kada ka shiga cikin masu yi wa ma'aikata ihu su yi sauri. Ranar cunkoso ita ce ranar da aka fi tsallake dubawa.

> AKWATIN KALMOMI
> Tsayawar kariya: tsayawar da lilo ke yi da kansa idan ya ji wani abu ba daidai ba.
> Ƙetare na'ura: tilasta wa lilo tafiya bayan ya yi gargaɗi.

5. Tsatsa, walda da noti

Wani lokaci ƙarfen ne da kansa ke karyewa. A watan Yulin 2017, a bikin baje kolin jihar Ohayo a Amurka, jerin kujeru ya ɓalle daga wani lilo yana cikin juyawa. Mutum ɗaya ya rasu, bakwai suka ji rauni. Maƙerin ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki tsawon shekaru, inda ido ba ya kaiwa. A watan Yunin 2023, a birnin Stockholm na Suwidin, jirgin hawa-da-gangara ya sauka daga layi, mutum ɗaya ya rasu, tara suka jikkata. Bincike ya nuna ƙarfen da aka ƙera aka musanya na asali da shi waldarsa ba ta yi ƙwari ba. A ƙarshen Yulin 2025 kuma, a Ɗa'ifa ta Saudiyya, sandar wani babban lilo ta karye gida biyu da mutane a kai, 23 suka ji rauni.

Damina tana kawo tsatsa, ƙurar hunturu tana cin boris, sabon fenti kuma yana rufe duka. Ba za ka iya ganin cikin ƙarfe ba, amma kafin ka biya ka tsaya ka kalli zagaye ɗaya ko biyu. Dubi gindin lilon, a kan siminti yake ko an tokare shi da bulo da katako? Dubi noti ko akwai gurbin da babu, dubi wurin walda ko ya tsage, ko ruwan tsatsa na zubowa daga ciki. Saurari ƙara. Dubi wayar janareta ko tana kwance a ƙasa a fiƙe, musamman bayan ruwan sama, domin jikin lilo ƙarfe ne. Sannan ka kalli mai kula da shi: yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙarfe, ko idonsa na kan waya?

Idon baƙo yana da amfani. A ƙarshen Yunin 2023, a wurin wasa na Carowinds a Amurka, wani mai ziyara ne ya hango tsagewa a ginshiƙin wani babban jirgi ya kai rahoto, aka rufe shi kafin a yi asarar rai. In ka ga abu, faɗa wa manajan wurin. In bai kula ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, da ta tarayya, wato FCCPC.

6. Idan abu ya faru

In lilo ya tsaya kuna sama, ku zauna yadda kuke. Kada a taɓa ƙarfe ko bel, kada a gwada saukowa ta jikin ginshiƙi, domin wuta na iya dawowa lilo ya motsa. Babba ya yi ta yi wa yara magana har ma'aikata ko 'yan kwana-kwana su iso. Na ƙasa kuma kada su hau ceto da kansu.

In wani ya faɗo, a fara kashe lilon, a kira 112. Kada a ciccibe shi, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu yadda wuya ba zai motsa ba. Inda jini ke zuba a danne da tsaftataccen ƙyalle. In dole sai an ɗauke shi, a kwantar da shi a kan faffaɗan katako, kai da wuya da baya a miƙe. Lanƙwasa mai karayar baya a cusa shi cikin Adaidaita Sahu na iya shanye masa ƙafafu har abada. Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano suna karɓar masu haɗari, Asibitin Ƙashi na Dala kuma aikinsa ke nan. In wuta ce ta kama mutum, a kashe janareta tukuna kafin kowa ya taɓa shi.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da ke fizgar jiki daga kujera, da misalin kowanne a cikin mota.
2. Nauyin yarinya kilo 15 ne. Kilo nawa mai riƙe da ita zai ji idan nauyi ya ninka sau uku?
3. An rubuta santimita 130 a ƙofa. Tsawon yara huɗu shi ne 128, 131, 140 da 119. Su wa za su hau? Santimita nawa ya rage wa kowane ɗaya daga cikin sauran?
4. Me ya sa jin ƙarar kullewa bai isa shaida cewa mutum ya ɗauru ba?
5. Wane kuskure ne ya haɗa abin da ya faru a Alton Towers da Kolorado da Dreamworld?
6. Lissafa abubuwa huɗu da za ka duba a jikin lilo kafin ka biya kuɗi.
7. Yaro ya faɗo yana kukan baya, jama'a na cewa a ɗauke shi da sauri. Me za ka ce musu, kuma me za ka yi?
8. Aikin gida: auna tsawon yaran gidanku da tef ɗin tela, ka rubuta sunan kowa da santimitarsa, ka zo da takardar aji na gaba.